Tabarau Mai Ido a Ƙeya

A wannan makon mun kawo muku zancen wani tabarau da ke nuna wa mai sanye da shi abin da ke bayansa ba tare da ya waiwaya ba.

Ba tsafi ba ne, darasin haske ne irin wanda muke yi a aji. Ana shafa wa gefen kowane gilashi, ta ciki, siririn ruwan madubi. Hasken da ya taso daga baya sai ya bi ta gefen kunne, ya bugi wurin, ya dawo cikin ido. Ta tsakiyar gilashin kuwa, ana ganin gaba kamar kullum.

Allah ya sa mana idanu a gaba, ganinmu bai fi kimanin digiri 200 ba. Akuya, da yake nata a gefe suke, tana ganin sama da digiri 300. Mujiya kuma tana juya wuya har digiri 270. Shi ya sa ɗan Adam ya nemi taimakon madubi. A 1911 wani direba mai suna Ray Harroun ya ɗaura madubi a motarsa a tseren Indianapolis da ke Amurka, ya kuma lashe tseren.

Wasu a cikinmu sun ce malamai ne suka fi bukatar wannan tabarau idan suna rubutu a allo. Mun yi dariya, amma mu masu zuwa makaranta a keke mun san inda ya fi amfani. Kowace safiya muna raba titi da babura, da Keke Napep, da manyan motoci. Idan ka waiwaya, kan keken ya karkace. Idan ba ka waiwaya ba, sai dai ka ji hon a kunnenka.

Sai dai tabarau ɗin yana da iyaka. Kanka yana tare abin da ke bayanka daidai, dole ka ɗan karkata shi. Gefen hijabi na iya rufe hanyar hasken. Yawancinsu baƙaƙe ne, ba su dace da almuru ba. Kuma duk daƙiƙar da ido ya kai baya, gaba ce ta rasa mai tsaro.

Don haka roƙonmu mai sauƙi ne. Duk mai keke ya je wurin mai gyara a ɗaura masa madubi. Mu rage gudu kafin kwana, mu miƙa hannu mu nuna inda za mu. Muna kuma roƙon malamanmu su riƙa tuna mana wannan a asambuli. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A kan titi kuwa, tsare rai ne.

Allah ya kai mu gida lafiya.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida