Pete Chapouris: Maƙerin da Ya Mayar da Tsohuwar Mota Kan Titi

Ranar 6 ga Afrilu, 2017, Pete Chapouris ya rasu a jihar Kalifoniya ta Amurka yana da shekara 76, bayan bugun jini ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Sunansa bai shiga kanun labaran duniya ba. Amma akwai wata al'umma a Amurka, mai rassa har Ostireliya da Japan da Turai, wadda labarin ya girgiza kamar an yi rashin babban gida. Mutanenta su ne masu ɗauko tsohuwar mota, wadda shekarunta suka kai na kakanninsu, su tayar da ita da hannunsu, su hau titi da ita. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi juyayinsa ba su taɓa haɗa ido da shi ba. Sun san shi ne ta ƙarfen da ke ƙarƙashin motocinsu.

Motar da ake magana a kanta Amurkawa suna kiranta street rod. Gangar jikinta ta tsohuwar mota ce, wadda bisa ƙa'idar da ƙungiyarsu ta ƙasa ta daɗe a kai, an ƙera ta kafin 1949. Cikinta kuwa sabo ne: injin mai ƙarfi, giya ta zamani, birki mai kamawa, sitiyari mai biyayya. Abin da ya raba ta da motar tsere shi ne manufarta. An yi ta ne don mutum ya ɗauki matarsa ko abokinsa su yi tafiyar kwana biyu ko uku zuwa wata jiha, su dawo lafiya ba tare da an jawo su da igiya ba. Kalmar farko ta sunan nata ma titi take nufi.

Asalin al'adar yana Kudancin Kalifoniya. A 1932 kamfanin Ford ya fito da injin mai silinda takwas, mai ƙarfin doki 65, a farashin da talaka zai iya kaiwa. Cikin 'yan shekaru waɗannan motoci suka cika kasuwar na-hannu. Samari suka riƙa saye, su ɓalle murfin tayoyi da duk abin da ke ƙara nauyi, su yi wa injin dabara, su nufi busassun tafkuna na hamada irin su Muroc da El Mirage don gwada gudu. A 1937 suka kafa ƙungiyar da ke auna musu lokaci. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe su, ya kuma dawo da su da sanin injin da walda da suka koya a aikin soja. A Janairun 1948 mujallar Hot Rod ta fara fitowa, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar tseren miƙaƙƙiyar hanya domin a janye samari daga yin tsere a titunan gari.

A cikin wannan iska aka haifi Chapouris a 1940, ya tashi a El Monte, gabas da Los Angeles. Tun yana matashi yake yawo da tsofaffin Ford a titunan unguwarsu. Ya yi aiki a kamfanin da ke ƙera na'urar auna ƙarfin injin, daga baya ya koma shagon Blair da ke Pasadena, inda ya goge a haɗa ƙashin mota. Sai dai kafin ya zama magidanci, zamani ya juya wa sana'ar baya. Daga 1964 manyan kamfanonin Detroit suka fara sayar da motoci masu manyan injina kai tsaye daga masana'anta, da takardar garanti da biya kaɗan-kaɗan. Saurayin da zai iya sayen gudu da sa hannu a takarda bai ga dalilin kwana a gareji yana fama da tsatsa ba. Waɗanda suka rage a sana'ar, da yawansu suka karkata ga motocin baje koli, masu ƙyalƙyali da ado, waɗanda ake kaiwa zaure a kan tirela, ƙafarsu ba ta taka kwalta.

Farfaɗowar ta fara ne a 1970, sa'ad da aka yi taron farko na ƙasa na masu irin waɗannan motoci a Peoria ta jihar Illinois, inda ɗaruruwa suka zo, kowa a kan tasa. A cikin shekarun nan ne Chapouris ya samu wata Ford ta 1934, mai ƙofa biyu da taga uku, irin wadda ƙofofinta ke buɗewa ta gaba. An rage mata tsayin rufi. Wannan aiki sauƙin faɗa ne da shi kawai: ana yanke ginshiƙan da ke riƙe da rufin, a cire 'yan inci, a sauko da shi, sannan a yi ta gyaran ƙarfe har layukan su haɗu, a yanka sabon gilashi daidai da ƙanƙancewar tagogin. Ya yi mata baƙin fenti, Manuel Reyes ya zana mata harsunan wuta daga hanci zuwa ƙofa. Ya ajiye ta ƙasa-ƙasa, gabanta a sunkuye kamar zakaran da zai kai sara.

Wani ɗan jarida mai suna Gray Baskerville, na mujallar Rod & Custom, ya lura cewa akwai wani mutum, Jim Jacobs, wanda ake kira Jake, da ke haɗa irin wannan mota sak, tasa ruwan ɗorawa. Ya haɗa su. A Nuwamban 1973 motocin biyu suka fito tare a bangon mujallar. Masu sana'ar har yau suna ƙidaya wannan bango cikin abubuwan da suka juya akalarta. Abin da mutane suka gani a hoton shi ne motar samartakarsu ta shekarun 1950 ta dawo, ba tarkacen ado, kuma a shirye take ta yi doguwar tafiya. Tsohon doki mai sane, in ji Bahaushe. Abin da ya rage masa shi ne a sake masa kofato.

Hoton ya kai ga masu shirya fim. A 1974 tashar ABC ta nuna The California Kid, inda Martin Sheen ya fito a matsayin saurayin da ya shiga wani ƙaramin gari a cikin baƙar motar nan, yana bin sawun ɗan'uwansa da wani mugun ɗan sanda ya tura rami a kwanar dutse. Sunan fim ɗin ya bi motar har yau. Cikin waɗanda suka kalla akwai Billy Gibbons, mawaƙin ƙungiyar ZZ Top, wanda ya nemi Chapouris. Daga wannan sanayya aka haifi jar Ford ta 1933 da ake kira Eliminator, wadda ta hau bangon faifansu na 1983, ta kuma shiga idon miliyoyin matasa ta hotunan waƙoƙinsu a talabijin. Abotar mutanen biyu ta ɗore har mutuwa ta raba.

Da a nan labarin ya tsaya, da Chapouris ya zama mai mota ɗaya da ta yi suna, irinsu kuwa suna da yawa. Abin da ya ɗaga shi sama da haka shi ne shagon da suka buɗe da Jacobs a 1974 a Temple City, mai suna Pete & Jake's. Kafin lokacin, wanda ke son haɗa irin wannan mota sai ya bi juji yana tsintar ƙarafa, ya yanka, ya gwada, ya ɓata, ya sake. Ilimin yana hannun 'yan tsiraru, mafi yawansu a Kalifoniya. Mutumin da ke ƙauyen Ohio ko Kansas ba shi da wanda zai tambaya. Abokan biyu suka shiga ƙera kayan ƙafar mota da madogaran injin da na birki, an auna su daidai da ƙashin tsohuwar Ford, a aika wa mutum har ƙofar gidansa ya ɗaura da kansa.

Misali ɗaya ya isa ya nuna irin tunaninsu. Tayoyin gaba na tsohuwar Ford suna kan sandar ƙarfe guda, wadda wasu sanduna biyu ke riƙewa, su haɗu a wuri ɗaya ƙarƙashin motar kamar bakin gwafa. Idan aka sa babban injin, ba ya samun wurin zama sai an raba gwafar nan, an kafe kowane reshe a gefen ƙashin motar. Da zarar an yi haka, duk lokacin da taya ɗaya ta hau tudu, sandar sai ta murɗe, tuƙi ya yi tauri, ƙarfe ya riƙa gajiya a ɓoye. Maganin da Pete & Jake's suka yaɗa shi ne sanduna huɗu, biyu-biyu a kowane gefe, a jere ɗaya bisa ɗaya, ta yadda ƙafar za ta hau ta sauka ba tare da kusurwarta ta canja ba. Ba wanda zai tsaya kallon wannan a wurin baje koli. Amma shi ne bambancin motar da ke kai mutum gida da wadda ke watsar da shi a kwana.

Wannan alheri ya zo da nasa ƙorafin. Tsofaffin hannu sun riƙa cewa sana'ar ta koma ta mai kuɗi da wayar tarho: a buɗe kundin kaya, a yi oda, a ɗaura, kowace mota ta fito kamar 'yar'uwarta. Akwai gaskiya a maganar. Duk abin da aka sauƙaƙa, wani ɓangare na gwanintarsa yakan tafi. Sai dai wanda ya yi wannan suka ya kamata ya dubi ɗayan ɓangaren. Sana'ar da ta tsaya a hannun gwanaye kaɗan tana mutuwa ranar da aka binne na ƙarshensu. Dubban motocin da ke cika taron shekara-shekara a Louisville ta jihar Kentucky, da yawansu malaman makaranta da ma'aikatan masana'anta da 'yan fansho ne suka haɗa su da dare da ranakun hutu. Da babu kayan da za su amince da su, da yawancin waɗannan motoci suna nan a bayan gida kaji na ƙwai a ciki.

A 1987 aka sayar da shagon, sabon mai shi ya kai shi Peculiar ta jihar Missouri, inda sunan ya ci gaba. Chapouris ya yi 'yan shekaru a ƙungiyar masu ƙera kayan ƙarin mota, SEMA, yana haɗa kan ƙananan shaguna su samu murya ɗaya. Daga nan ya koma bakin maƙera. Wani mai tara motoci, Bruce Meyer, ya danƙa masa baƙar Ford ta 1932 da Doane Spencer ya haɗa tun shekarun 1940, domin a mayar da ita yadda take. A 1997 bikin Pebble Beach, inda attajirai ke jera Bugatti da Rolls-Royce a kan ciyawa, ya buɗe wa motocin gareji aji nasu a karo na farko. Motar Spencer ce ta yi na ɗaya. Abin da 'yan sanda suka riƙa kora a tituna shekara hamsin baya, ranar aka karɓe shi a matsayin gadon ƙasa.

A wannan shekarar ya yi abin da ya fi nuna halinsa. Yana da suna da zai iya rataya wa sabon shagonsa na Pomona, amma ya tafi wurin dattijo Alex Xydias. Shi Xydias ya buɗe So-Cal Speed Shop a Burbank a 1946, da fitowarsa daga aikin soja, ya yi suna da motar tsere da aka ƙera daga tankin man jirgin yaƙi, sannan ya rufe shagon a 1961. Chapouris ya nemi izininsa ya tayar da sunan, ya kuma jawo shi cikin tafiyar. Dattijon da ake gab da mantawa ya dawo gaban jama'a, matasa suna layi don ya sa musu hannu a riga. Xydias ya rayu har 2024, ya kai shekara 102, shi ya ga rasuwar wanda ya girme wa da shekara goma sha takwas.

Aikin Chapouris na ƙarshen rayuwa shi ma sunan Xydias ya ɗauka: cibiyar koyar da matasa aikin mota a filin baje koli na Pomona, wadda ya tsaya tsayin daka wajen kafa ta. Ya san inda ciwon yake. Masu wannan sana'a furfura ta cika kansu. Makarantun sakandare da yawa a Amurka sun rufe azuzuwan koyon aikin hannu. Motar yau kwamfuta ke tafiyar da ita, saurayi ba ya iya buɗe ta da sifana ya gane abin da ke ciki. Tsohuwar Ford da a da ake saye da kuɗin aikin hutu, yanzu farashinta ya fi ƙarfin mai fara aiki. Ita kanta ƙungiyar ƙasa ta sassauta ƙa'idar 1949, ta buɗe taronta ga motocin da suka biyo baya, domin ta samu sabon jini. Ƙarfe yana iya jira shekara ɗari a rumbu. Hannun da ya san yadda ake lanƙwasa shi kuwa, in bai koya wa wani ba, tare suke tafiya.

Shi ya sa al'ummar nan ba ta cika tuna mamatanta da dogon jawabi ba. Al'adarsu ita ce a fito da motoci, a jera, a tayar da injina, a bi hanya tare, wani lokaci a zana sunan mamaci da siririn burushi a bayan mota. Ga Chapouris, tunawar ta fi haka yawa, kuma ba ta jiran ranar cika shekara. Duk Asabar akwai wani magidanci a wani gari da ke kwance ƙarƙashin tsohuwar Ford, fitila a gefensa, yana ɗaure sanduna huɗun nan, jikansa na miƙo masa sifana. Idan yaron ya tambayi abin da sandunan ke yi, kakan zai ajiye aiki ya nuna masa yadda taya ke hawa da sauka.