Allin Bakanike

A hutun da ya wuce muka faɗa rami da babur ɗinmu a hanyar kasuwa, ɗiyarmu tana zaune a baya. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma tun daga ranar, in muka ƙara gudu sai kan babur ya dinga rawa a hannunmu. Muka yi ta cewa gobe ma gyara, har ranar da yarinyar ta ce, "Baba, ni dai da ƙafa zan tafi." Washegari muka kai shi gyara.

Bakanike ya cire wilin gaba, ya sa ƙarfe ta tsakiyarsa, ya ɗora a kan kujeru biyu. Sai ya ce, "Malam, akwai alli a aljihunka?" Muka ba shi. Ya riƙe allin dab da gargaren, ya juya. Inda alli ya taɓa, nan ne ya karkace. Ya sassauta wayoyin wannan gefe, ya ɗaure na ɗaya gefen, kwatan juyi kawai kowane lokaci.

Da ya miƙe, ya mayar da taya, ya juya wilin a hankali ya sake shi. Sau 3 yana tsayawa a wuri guda. Ya ce gefe mai nauyi shi ke sauka ƙasa da kansa. Bai taɓa wannan gefen ba. Ya sa alama a sama, ya naɗa 'yar dalma a jikin waya a wurin, ya sake gwadawa, har wilin ya riƙa tsayawa ko'ina.

Muna tsaye muka tuna da ajinmu. Akwai ɗaliban da ke zuwa gabanmu da kansu, masu ɗaga hannu da masu surutu, kuma a kansu allinmu yake ƙarewa. Na bayan aji, masu shiru, ba mu ƙara musu kome ba, sai jarrabawa ta zo mu ce aji ya lalace. Wannan zango mun soma da su, minti 10 bayan tashi.

Ku ɗalibai masu shiru, in mun kira sunanku kada ku ji tsoro. Ɗiyarmu kuwa ta koma hawa babur.