Man Birki da Motar Iyali

Duk mai mota a ƙasarmu ya san man inji. Ya san ranar da aka juye shi, ya san nisan da zai yi kafin a sake juyewa, har wani yakan rubuta a takarda ya liƙa a jikin ƙofa. Amma da wuya ka sami wanda zai iya faɗa maka shekarar da aka canza man birkin motarsa. Ni kuwa a ganina man birki ne ya fi cancantar wannan kulawa, domin inji in ya lalace mota tsayawa take yi, birki kuwa in ya lalace ƙin tsayawa take yi.

Aikin wannan mai ya ginu ne a kan wata ƙa'ida da masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana a ƙarni na 17, wato idan aka matsa ruwan da ke kulle a cikin mazubi, ƙarfin matsin zai isa ko'ina a cikinsa ba tare da raguwa ba. Idan direba ya taka birki, man da ke cikin siraran bututai shi ne ke kai saƙon ƙafarsa ga tayoyin nan huɗu. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka saƙon yakan isa cikakke. Iska da tururi kuwa suna matsuwa, kuma a nan matsalar take.

Man birkin da galibin motocinmu ke sha, wato masu lambar DOT 3 da DOT 4, yana da wata ɗabi'a ta zuƙar laima daga iska. Yana zuƙa ta murfin kofinsa da kuma ta jikin tiyon roba, a hankali, damina bayan damina, ko da motar na ajiye a gareji. Bisa ma'aunin Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, inda lambar ta samo asali, sabon DOT 3 ba zai tafasa ba sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma digiri 230. Da zarar ruwa ya kai kusan kashi 3.7 cikin ɗari a cikinsu, sai abin da ma'aunin ya lamunta ya sauko zuwa 140 da 155. Ma'ana, man yana tsufa ne da daɗewa, ba da yawan tafiya kaɗai ba.

A cikin gari ba a gane wannan rauni, don birkin ba ya ɗaukar zafi sosai tsakanin gida da kasuwa da makarantar yara. Sai ranar da aka ɗebi iyali da kaya aka nufi doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, a kan hanyar Jos zuwa Akwanga. Direba ya ɗora ƙafa a kan birki ya ƙi ɗagawa, zafi ya taru a tayoyi, ruwan da ke cikin man ya tafasa ya zama tururi, sai a taka a ji ƙafa ta zurma har ƙasa, mota kuwa tana ci gaba da gudu. Abin takaici, idan birkin ya huce yakan dawo kamar babu abin da ya faru, mai mota ya ce ai tsautsayi ne ya gifta. Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sauka irin wannan gangara da ƙaramar giya, su bar inji ya riƙe motar.

Ni dai duk shekara biyu nake sa a juye na motarmu, kamar yadda kamfanonin ƙera motoci da dama suka tanada a littattafansu. Kusan kowane karo sai mun yi 'yar muhawara da bakanikena, mutum mai gaskiya da ba ya son ya ga na kashe kuɗi a banza. Yakan leƙa kofin ya ce, "Malam, ai a cike yake, me za a taɓa?" Ni kuma in ce masa cikar kofi ba ta nuna lafiyar abin da ke ciki. Hasali ma, idan man ya ragu, ciko ba shi ne magani ba: ko dai takalman birki ne suka cinye, ko kuma akwai inda yake yoyo, kuma kowanne yana bukatar a duba.

Juyen kansa ba ya cin lokaci mai yawa. Ana zuƙe tsohon da ke kofi a zuba sabo, sa'an nan a bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, galibi daga wadda ta fi nisa da kofin. Yaron gareji yana taka birki ya riƙe, maigidansa yana kwance ɗan noti yana tsiyayar da tsohon mai, har sai sabo ya fito garau babu kumfa. Dole a lura kada kofin ya ƙafe ana cikin aikin, in ba haka ba iska ta shiga, a koma farko. Nakan tsaya a wurin har a gama, in taka da ƙafata in ji ya yi tauri kafin in bar garejin.

Lambar man da ya dace tana rubuce a kan murfin kofin, ita za a bi. DOT 5 jinsinsa daban ne, ba a gauraya shi da sauran, ko da yake sunan ya yi kama da DOT 5.1. Man inji ko na giya kuwa, ko kaɗan ne ya shiga, yakan kumbura robobin birki ya lalata su. Na kuma sha ganin ana shafa man birki a kan rauni wai don ya bushe da wuri. Wannan abu ne mai guba da ke cin fentin mota, bai kamata ya kusanci fatar mutum ba, balle a bar shi inda yara za su kai hannu. Ragowar da ta saura a gwangwani ba na ajiye ta don wani juyen, tunda daga ranar da aka fasa murfin ita ma ta fara shan laima.