Jar Azurfa Mai Gudun Haske

Litinin, Freiberg

Yau aka fara shiga da mu ɗakin ajiyar duwatsu na jami'ar haƙar ma'adinai ta wannan gari na Jamus, wadda aka kafa tun 1765. Dattijon da ke kula da ɗakin sai da ya rage fitila kafin ya ɗauko wani ɗan kwali mai murfi. Da ya buɗe, na ga dutse ja wur, bai kai kan babban yatsa ba, haske na ratsa shi kamar zoɓo a kofin gilashi. Ya ce sunansa purustait, kuma kusan kashi 65 cikin ɗari na nauyinsa azurfa ce. Ni da na tashi da sanin azurfa fara ce fat, sai na yi tsit. Ko minti ɗaya ba mu cika ba ya mayar da murfin.

Talata

Na kasa haƙuri, na ce, "Malam, me ya sa ake ɓoye shi haka?" Bai amsa ba, ya miƙo mini wani guntu baƙi-baƙi mai dusasshen sheƙi. Shi ma purustait ne, amma ya daɗe a sarari. Haske ne ke ɓata fuskarsa a hankali, kuma idan jan ya tafi ba ya dawowa da kansa. Abin ya taɓa ni ƙwarai.

Ya bar ni na goga guntun a kan farin tangaran marar santsi, sai ga layi ja jawur ya fito. Taurinsa 2 zuwa 2.5 ne a ma'aunin Mohs, wato daidai da farce, shi ya sa ba a yin zoben sawa da shi. Amma ya ninka ruwa nauyi fiye da sau biyar da rabi. Kafin mu fita aka sa mu wanke hannu da sabulu, domin akwai asenik a cikinsa, kuma asenik guba ne.

Laraba

Darasin yau shi ne wanda na fi so tun zuwana. Da yawa daga cikin duwatsun da ake tatsar ƙarfe daga cikinsu haɗin ƙarfe ne da farar wuta kawai. Purustait yana cikin wani dangi dabam da ake kira salfosalt. A cikinsa kowace ƙwayar asenik tana zaune a kan ƙwayoyin farar wuta uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu, sannan azurfa ta bi ta ɗaure murhu da murhu. Azurfa uku, asenik ɗaya, farar wuta uku: Ag3AsS3 ke nan. Da na zana murhun a littafina, sai lambar da tsarin rabe-raben ma'adinai na Strunz ya ba shi, 2.GA.05, ta daina yi mini kama da haddar dole.

Idan aka sauke asenik daga murhun aka ɗora antimoni, an samu ɗan'uwansa piragirait, wanda ya fi duhu, ya ɗan fi nauyi, layinsa kuma ja ne mai sirkin shunayya. Tsofaffin mahaƙan yankin nan sun san su biyun da ido, suna ce musu jar azurfa mai haske da jar azurfa mai duhu. Masanin sinadarai Bafaranshe Joseph-Louis Proust ne ya bambance su ta hanyar bincike a 1804, shi ya sa a 1832 wani masani, Beudant, ya raɗa wa mai hasken sunan Proust. Ina ganin sunan mahaƙan ya fi dacewa, don ya faɗi abin da mai riƙe da fitila ya gani a rami.

Alhamis

Ruwa tun safe, ban fita ba sai waya da Inna. Da na ba ta labari ta ce, "Kai ɗan nan, azurfa kuma ja? To dalar kakarku fa?" Ashe tambayar tana kan hanya. Bayan duwatsun kudu da nan akwai garin Jáchymov a ƙasar Cek, inda ake samun purustait, kuma a can aka fara buga kuɗin azurfar da ake kira tala wajen 1520. Daga wannan suna dala ta samo asali, har da mai hoton Mariya Tereza da ta yi yawo a kasuwanninmu.

Juma'a

An nuna mana zantokonait, ƴan ƙananan falle-falle masu launin ruwan lemo. Kayan haɗinsa daidai suke da na purustait, ba ragi ba ƙari, sai dai an jera murhunan ta wata siga dabam, don haka siffa da launi suka sauya, aka kuma ba shi gida na kansa a rabe-raben. Wani masani, Breithaupt, ne ya bayyana shi a 1840 daga ramin Himmelsfürst da ke kusa da nan, ramin da dutsensa ya sa wani masani, Winkler, ya gano sinadarin jamaniyam a 1886. Na daɗe ina duba shi a madubin ƙara girma har wuyana ya ƙage.

Asabar

Mun sauka ramin Reiche Zeche da hular kwano da fitila. Tun 1168 aka gano azurfa a yankin, sai 1969 aka daina haƙa. Mai yi mana jagora ya haska wata jijiya a bango inda ruwan zafi ya taɓa bi ta tsagar dutse ya bar ma'adinai a baya. A irin wannan tsaga purustait ke fitowa, nan da Chañarcillo ta Chile, wadda Juan Godoy ya gano a 1832, da Imiter ta Maroko. Na tuna cewa mafi yawan wanda aka haƙo a da, narka shi aka yi don azurfarsa, kaɗan ne ya tsira.

Da yamma na koma wajen dattijon don sallama. Ya ɗora hannu a kan kwalin yana kallona. Na ce, "A'a Malam, bar shi, na Litinin ya ishe ni." Sai na roƙi a sake ba ni baƙin guntun da tangaran, na ƙara jan layi ɗaya.