Kwana shida a kan keke a dajin jan itace

Tun da na ɗora hotunan tafiyata makon jiya tambayoyi ke ta shigowa: ina ne wannan wuri, itatuwan gaske ne ko aikin kwamfuta, kuma me ya kai ni tafiyar kwana shida a kan keke a ƙasar da kusan kowa ke da mota? Bari in haɗa amsar wuri guda, ku yi haƙuri da tsawonta.

Wurin yana arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, a bakin tekun Fasifik. Mutanen can suna kiran itacen redwud, wato jan itace, saboda launin ɓawonsa da katakonsa. Ba ya fitowa da kansa a ko'ina sai a wani siririn zirin ƙasa da ya bi gaɓar teku daga kudancin Oregon zuwa tsakiyar Kalifoniya, kilomita 700 da 'yan kai. Babu kuma itacen da ya kai shi tsawo a bayan ƙasa. Mafi tsawon da aka auna a cikinsu, wanda aka gano a 2006 aka raɗa masa suna Hyperion, ya haura mita 115, kwatankwacin bene mai hawa 35. Ban je gindinsa ba. Tun 2022 aka hana zuwa, don sawun 'yan kallo ya fara lalata ƙasar da ke riƙe da shi, kuma wanda aka kama tarar dala 5,000 na iya hawa kansa, ko ɗaurin wata shida. Ni dai ban ga laifin wannan doka ba.

Na taɓa ratsa dajin a mota tare da abokai shekara biyu da suka wuce. Sau biyu muka tsaya, muka ɗauki hoto, muka ce Masha Allah, muka wuce. Da na koma gida na nemi abin da na riƙe, sai na tarar babu. Gilashin mota a ƙugu yake yanke itacen. Kututture kawai kake gani yana gilmawa, wani na bin wani, rediyo na magana, direba na lissafin inda za a sha mai. Abin ya tsaya mini a rai, har na ƙudura in Allah ya yarda sai na koma ba da mota ba.

Haka kuwa aka yi. Jirgin ƙasa na hau, sannan bas, sannan wata bas ɗin, irin mai maƙalar keke a gaba, har garin Crescent City kusa da iyakar Oregon. A bayan keken na ɗaure tanti, jakar barci, ƙaramin risho, famfo, kayan faci, dabino da gyaɗa. Daga nan na miƙa kudu. Masu wannan tafiya daga arewa suke farowa, saboda iskar bazara a gaɓar nan galibi daga arewa maso yamma take kaɗawa, sai ta riƙa tura ka ta baya, ga shi kuma teku na hannunka na dama.

Ranar farko ta ba ni wuya. Da fita gari sai hawa, mai tsawo, a kan babbar hanya mai lamba 101, inda a wasu wuraren gefen da aka bar wa mai keke bai fi taku ɗaya ba. A wata kwana gingimari ɗauke da gumagumai ta shafa ta gefena, iskarta ta fizge ni, tayar gaba ta faɗa tsakuwa. Allah ya kiyaye ban faɗi ba. Na sauka na tsaya, gwiwoyina na rawa, ina ta Innalillahi. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ga hotuna ya ɗauka duk hanyar lafiya lau ce.

Washegari Asabar, kuma saboda ita na tsara tafiyar gaba ɗaya. A gandun Prairie Creek akwai wani titi mai suna Newton B. Drury, tsawonsa kilomita 16, ya ratsa ta tsakiyar tsohon dajin da zarto bai taɓa shiga ba. Kowace Asabar ta farkon wata, daga Oktoba zuwa Mayu, ana rufe shi ga motoci, sai mai keke da mai ƙafa. Na isa ƙofar arewa da sassafe, na raɓa ta gefen shingen, na yi ɗan hawa kaɗan, sai hanya ta fara gangara a hankali. Na daina taka feda.

Abin da ya fara zo mini shi ne shirun. Can sai kunnena ya buɗe, na gane ashe akwai sauti: ƙarar sarƙar kekena, da wani ɗis, ɗis, ɗis a kan kwalta alhali ba a ruwa. Hazo ne. Ba irin namu na hunturu mai ƙura da busar da leɓe ba. Wannan jiƙaƙƙe ne, daga teku yake tasowa, ya sarƙe a ganyen itatuwan can sama, ya taru ya ɗigo gindinsu. A Kalifoniya da wuya a yi ruwa da bazara, wannan hazon ne ke shayar da su har damina ta dawo, shi ya sa ba sa nisa da teku. Sanyi ya ratsa yatsuna, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye. Duk wannan na wuce shi a mota ban sani ba.

A Zariya na tashi, garin rimi, don haka na ɗauka na san babban itace. Na jingine keken a gindin wani, na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa har wuyana ya ƙage, ban ga ƙarshensa ba, ya shige cikin hazo. Reshensa na farko ma ya fi duk wani rimi da na sani nisa da ƙasa. Na ɗora hannu a ɓawon. Na zata zan ji tauri, sai na ji laushi, zare-zare kamar ɓawon kwakwa, da tsagogi masu zurfin da hannuna ya nutse har wuyan hannu. Kaurin ɓawon kan kai santimita 30, kuma shi ne garkuwarsa daga gobara. Gaba kaɗan na tarar da wani wanda wuta ta cinye cikinsa tun zamanin da, ta bar kogo baƙi ƙirin. Na shiga har da keken, akwai sauran wurin mutum uku, amma sama kore shar, yana raye. Akwai waɗanda suka haura shekara 2,000 a cikinsu. Tsaya ka auna: itace yana tsaye a nan tun kafin a haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana nan kuma har yau yana toho. A nan na yi sallar walaha, sai da waya ta nuna mini alƙibla don rana ba ta iya ratsowa. Na daɗe zaune bayan sallama.

Wani abin mamakin, saiwarsu ba ta da zurfi, ba ta cika wuce mita uku ko huɗu ba. Gefe take bazuwa, ta sarƙe da ta maƙwabta, su riƙe juna. Dalilin da ya sa tattake gindinsu ke cutar da su ke nan.

Hantsi na yi titin ya cika, amma babu hayaniya. Yara ƙanana na koyon keke a tsakiyar kwalta, iyayensu ba sa ko ɗar. Wani dattijo a kan keke mai taya uku. Wata mata ana tura ta a keken guragu, ta kwantar da kai baya tana kallon sama, fuskarta a sake. Kilomita 16 ɗin nan awa huɗu na yi a cikinsu. A ƙarshen titin daji ya buɗe ya zama fili, ga garken wasu manyan namun dawa masu rassan ƙaho, sun kai girman gwanki, suna kiwo abinsu.

A gefen filin na kwana. Gandayen jihar kan ware wa masu keke da masu ƙafa wani ɗan fili a sansanin kwana, kuɗinsa 'yan daloli ne, ba sai ka kama wuri tun da wuri ba. Da na buɗe gyaɗata sai ma'aikaciyar gandun ta zo, cikin ladabi ta roƙe ni kada in bar ko ɓarɓashi a ƙasa. Ta ce akwai wani tsuntsun teku, bai fi kurciya ba, wanda ke barin ruwa ya zo ya sa ƙwai ɗaya tak a kan faffaɗan reshen waɗannan tsofaffin itatuwa. Sai a 1974 ma aka fara gano sheƙarsa a kan itace. Ɓarɓashin abinci na jawo hankaki da wani shuɗin tsuntsu mai tukku, su kuma in sun yi yawa sai su shanye ƙwan. Na durƙusa na tsince ɓawon gyaɗata ɗaya bayan ɗaya.

Kwana biyu na gaba teku ne da garuruwa, Trinidad, Arcata, Eureka, da faci guda ɗaya. Daga nan na shiga Avenue of the Giants, wato titin ƙattai, kilomita 50 a gefen kogin Eel. Tsohuwar babbar hanya ce, da aka gina sabuwa sai manyan motoci suka koma can. A nan na ga itacen da ake kira Dyerville Giant, wanda ya faɗi a watan Maris na 1991, tsawonsa kimanin mita 110. Na bi gefensa da ƙafa ina ƙirga, taku 140 da wani abu. A garin Weott kuma akwai dogon turke mai alama can sama, inda ruwan ambaliyar Disamban 1964 ya kai. Sai ka ɗaga kai kafin ka gan ta.

Akwai abin da keke ya nuna mini wanda ban so gani ba. Tsakanin gandu da gandu za ka yi ta wuce daji kore, daga mota sai ka ce duk ɗaya ne. A kan keke kuwa za ka lura itatuwan sirara ne, a cushe, kuma a tsakaninsu ga kututturai masu faɗin ɗaki, da ramukan da masu sara suka fafe a jiki don su kafa katakon tsayawa. 'Yan ƙabilar Yurok sun zauna a bakin kogin Klamath tun kaka da kakanni, suna sassaƙa kwalekwale da gina gidaje galibi da itacen da ya faɗi da kansa, daji bai ƙare ba. Bayan rububin zinare na 1849 aka shigo da gatari da zarto, kuma a yau abin da ya rage na tsohon dajin bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba. Wannan ragowar ma ba a banza ta tsira ba. A 1918 aka kafa ƙungiyar Save the Redwoods League tana tara kuɗi tana sayen dajin daga hannun kamfanonin katako. A 1931 aka sayi babban yankin da ake kira dajin Rockefeller da taimakon kuɗin attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami. Gandun tarayya bai samu ba sai 1968. Har a 1997 wata budurwa, Julia Butterfly Hill, ta hau wani itace a wannan yanki ta zauna a kansa kwana 738 don kada a sare shi, kuma ba a sare shi ba.

Daren ƙarshe na kira Hajiyarmu. Da ta ji a kan keke nake sai muryarta ta canza: "Lafiya dai ko? Ko kuɗi ne suka yanke?" Na ce, "Lafiya lau Hajiya, ni na zaɓa." Ta yi jim, sannan ta tuna mini da Baba, Allah ya jiƙansa, da baƙin kekensa Raleigh da ya yi shekaru yana kai shi makarantar da yake koyarwa. Ta ce babu gonar da ke bakin hanyar nan da bai san mai ita ba. A wurinmu keke ya zama alamar rashi, mutum na samu yake jingine shi. Ban yarda da wannan ba. Kusan kilomita 250 na taka kafin in hau bas a Garberville, kuma ban taɓa sanin wata ƙasa kamar yadda na san wannan ba.

'Yan uwa da ke Kalifoniya ko kusa da ita, ɗalibai da ma'aikata, ba sai kun yi kwana shida ba. Ku duba Asabar ta farkon wata tsakanin Oktoba da Mayu, ku ari keke, ku ɗauki yaranku da rigar sanyi da ta ruwa, ku je titin nan na Prairie Creek da sassafe kafin hazo ya washe. Ku tsaya a kan hanyar da aka shata, kuma kada ku bar ɓarɓashin abinci a ƙasa.