Zamanin Sarkin Samari a Fadamar Rima

Kafin injin ban-ruwa da babur su cika fadamar Rima, akwai wata ƙungiya da kusan kowane gari yake da irinta, tun daga Goronyo har Wurno, a gangara zuwa Rabah a bakin gulbin Sakkwato. Ba ta da ofis, ba ta da takardar rajista, amma kowa ya san shugabanta, kowa ya san dokarta. Ita ce ƙungiyar samarin gari, wadda Sarkin Samari yake jagoranta. Dattawan da suka yi zamaninta sun fara ƙarewa, don haka ya dace na baya su ji yadda abin yake.

Shiga cikinta ba ta bukatar kuɗi. Da zarar yaro ya isa riƙe kuyya a gona ba tare da an jira shi ba, to ya zama ɗan ƙungiya. Samari da kansu suke zaɓar sarkinsu, su kai shi gaban mai gari ya sa albarka. Abin da ake dubawa shi ne haƙuri, da ƙwazon aiki, da iya magana gaban manya. Shi kuma sai ya naɗa waziri da galadima da alƙali, kamar dai yadda suke gani a fada. 'Yan mata ma suna da tasu shugaba. Wanda aka yi gayya ya ƙi fita ba da uzuri ba, alƙalin samari zai ci shi tarar goro. In ya yi taurin kai, sai a ƙaurace wa bikinsa, kuma babu saurayin da yake son ranar aurensa ta zo ba abokai.

Ranar gayya kuwa, tun da asuba ganga take tashin gari. Ana sallame salla za ka ga samari sun ɗunguma, kowa da hauyarsa a kafaɗa, raɓa tana jiƙa musu ƙafar wando. A bakin gona sai a jeru, kowa ya kama kuyyarsa. Makaɗi yana biye da su, yana wasa wanda ya yi gaba da sunan ubansa da kakansa, yana zolayar wanda aka bari a baya har sai ya zabura. Ƙasa tana tashi, gumi yana zuba, ba ka jin komai sai kiɗa da kirari. Wanda ya fara fita kuyyarsa ba ya zama, juyowa yake ya tari ɗan'uwansa da ya gaji. Da hantsi 'yan mata su iso da ƙoren fura da nono a ka, a zauna gindin gawo a sha, ludayi yana zagayawa hannu zuwa hannu. Kafin azahar, gonar da mai ita zai kwashe mako yana fama an gama ta.

Wannan gayyar surukai ce ko ta mai hali, wanda zai dafa tuwo ya raba goro. Wadda ta fi zama a raina ita ce gayyar da ba a dafa komai. In magidanci ya kwanta ciwo da damina, ko ya rasu ya bar marayu, ba a jiran iyalinsa su roƙa. Sarkin Samari zai je da kansa bayan magariba, ya yi sallama a zaure, ya durƙusa ya ce wa tsohuwar gidan, "Inna, jibi muna gonakki. Kak ki wahal da kanki da dahuwa." Ita kuwa abin da za ta iya cewa bai wuce, "Allah shi yi muku albarka, ɗiyana." A nome gonar, a dawo maimai, da kaka a girbe a ɗaure dammuna a kai rumbu. Babu wanda zai tsaya a dandali yana ba da labari. Taimakon ba ya zubar da mutuncin wanda aka yi wa, domin kowa ya san yau gare ka ne, gobe ga wani.

Aikinsu bai tsaya a gona ba. Su suke haƙa kabari in an yi rasuwa, su share maƙabarta da filin Idi, su yashe rijiyar unguwa. In gobara ta tashi da hunturu, su ne a gaba da tulu da bokiti, washegari kuma su shiga daji yankan ciyawa da itace. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a garuruwan nan da ido ake ganin haka: a ɗaure jinka a ƙasa, samari su kewaye ta, a yi kabbara a ɗaga ta gaba ɗaya a aza bisa ɗaki. In Rima ta cika ta yi barazana ga shinkafa, su ne masu tare ruwa da buhunan ƙasa.

Ba abin mamaki ba ne wannan ɗabi'a ta yi saiwa a nan. Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, ya zauna a cikinta, ya kwaɗaitar da jama'a noma da sana'a, kuma a nan ya rasu a 1837, hubbarensa yana nan har yau. Garin ribaɗi ba ya tsayuwa sai kowa ya sa hannu a ganuwa da gona. Rabah kuwa ita ta haifi Ahmadu Bello, wanda ya yi hakimcinta tun 1934 kafin ya zama Sardaunan Sakkwato a 1938. Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a hannunsa a 1962, 'yan agajinta da muke gani a masallatai da wajen jana'iza suna ɗauke da wani yanki na wancan hali. A maƙwabciyarmu Nijar ma, gwamnatin Seyni Kountché da ta zo a 1974 ta ga amfanin irin wannan ƙungiya, wato samariya, har ta farfaɗo da ita a faɗin ƙasar.

Da kaka, bayan amfani ya shiga rumbu, sai lokacin shaƙatawa. A yi kalankuwa, a gayyato samarin garuruwan maƙwabta, a sauke su gida-gida, a yi kokawa da dambe da farin wata. Zumuncin da aka ƙulla a irin wannan taro ya haifar da aure da abota da suka kai har jikoki.

Abubuwa da yawa suka taru suka raunana ƙungiyar. Noman albasa da tafarnuwa ya koma na kuɗi, ƙwadago ya maye gurbin gayya. Ci-rani ya kwashe samari zuwa kudu. Siyasa ta shigo da raba kuɗi, ta raba kan unguwa. Daga baya 'yan bindiga suka sa taruwa a gonar nesa ta zama kasada. Duk da haka halin bai mutu ba. A ambaliyar 2010 da ta ci ƙauyukan Goronyo, kafin agajin hukuma ya iso, maƙwabta ne suka fara kwashe mutane cikin jiragen ruwa suka ba su masauki.

Kirana ga hakimai da masu garuruwa da limaman Wurno da Rabah da Goronyo shi ne su tara samarinsu, su naɗa musu shugaba mai mutunci, a fara da gonar marayu ɗaya a kowace unguwa daminar bana. Ku kuma samari, ku je ku zauna da dattawan da suka riƙe hauya a gayya tun suna da rai, ku tambaye su yadda aka yi. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikinsu, Allah ya jiƙansu, ya saka musu da Aljanna.