Murya ba ta tsufa, sai an rubuta mata ranar haihuwa

Yau ba labarin kasuwa ko na siyasa munka kawo muku ba. Labarin cikin ɗakin montaj ne, inda muke zama gaban kwamfuta muna yanke muryoyin mutane kafin ku ji su a radiyo.

Wata kaka, gero ya shiga rumbu amma wake da dawa suna gona, sai wayoyinmu sunka fara ruri tun da asuba. Wata murya ce ke yawo a WhatsApp: wani dattijo mai gari yana shelar cewa an saki gonaki, makiyaya na iya shigowa da dabbobi. Muryarsa ce, babu tantama, kuma da makirfonmu anka ɗauke ta. Sai dai shelar ta bara ce, ta bayan an gama kwashe amfanin gona. Wani ya tono ta, ya yanke gaisuwar farko inda anka ambaci lokacin, ya sake ta kamar ta jiya. Duk wanda ya zauna karkara ya san abin da dabba ɗaya cikin gonar wake ke iya jawowa tsakanin manomi da makiyayi.

Dattijon ya aiko ɗansa bisa babur, ya ce mu wanke shi. Munka buɗe kwamfuta da ƙarfin gwiwa, sai gabanmu ya faɗi. Abin da munka adana shi ne wanda anka gama montaj, MP3, sunansa wai "final 2". Ranar da ke jikinsa ma ta lokacin da munka kwafe shi zuwa wani sabon faifai ce. Babu abin da ke nuna yaushe mutumin ya yi magana. Laifin namu ne, ba na kowa ba.

Allah ya taimake mu, tsohon katin na'urar ɗaukar murya yana cikin aljihun tebur, ba a goge shi ba. A ciki munka tarar da hirar ta asali, cikakka, da ranarta da sa'arta. Kafin azahar munka sa ta a iska tun daga gaisuwa, munka maimaita da Fulatanci. Ba mu ce mu munka kashe wutar ba, manyan gari sun yi nasu ƙoƙarin, amma da babu katin nan da ba mu da bakin magana.

Bari mu ɗan yi bayani, don mu ma a lakkal babu wanda ya koya mana wannan. Fayil ɗin murya kamar buhu ne mai ɗauke da takarda a baki. Muryar ita ce hatsin, takardar kuma ta faɗi wanda ya ɗauka, da wace na'ura, wace rana, ƙarfe nawa. A 1997 ƙungiyar gidajen radiyo da talabijin ta Turai ta fito da wani tsari mai suna BWF, wato WAV ne da anka ƙara wa wurin rubuta waɗannan bayanai. Har da lissafin lokaci a ciki: na'ura mai ɗaukar ɗigon sauti 48,000 a daƙiƙa guda tana rubuta adadin ɗigon da sunka wuce tun sha biyun dare. In an fara hira ƙarfe 10 na safe daidai, lambar ita ce 1,728,000,000. Da ita ake gane ainihin lokacin da kowace kalma ta fito daga bakin mai ita.

Matsalar ita ce takardar nan saurin faɗuwa gare ta. Ba kowace manhajar montaj ke mayar da ita ba in an fitar da aiki. In an juya fayil zuwa MP3, yawanci lissafin lokacin ya tafi ke nan. In kuma wani ya kunna radiyo ya naɗa da wayarsa ya tura, to sai murya tsirara. Mun san abin da ke sa mu goge na asali: awa guda ta WAV, ko da layi ɗaya ce, tana cin wajen mega 345, alhali MP3 na yau da kullum bai kai 60 ba. Faifai tsada, kuran ɗin ma yana zuwa yana tafiya. Amma ranar nan mun gane arahar ta fi tsada.

Tun daga lokacin munka canza hannu. Ba ma taɓa fayil na asali, kwafi muke yanka. Duk wanda zai fita aiki sai ya duba agogon na'ura, don wasu in batir ya mutu agogonsu komawa baya yake yi, ya ba ka ranar ƙarya. Kafin tambayar farko, ɗan jarida ya faɗi rana da wuri da bakinsa. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana. Muna da littafi kusa da kwamfuta inda mai montaj ke rubuta daga minti kaza zuwa minti kaza ya cire, da dalili. Tari da kukan jaki a cire su, amma "ba" da "amma" da "sai dai" ba a taɓa su, don su ke riƙe da amanar mai magana. Shela irin ta sakin gonaki kuwa, muna roƙon mai yin ta ya faɗi shekarar a tsakiyar jimla, inda almakashi ba zai shiga da sauƙi ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda tun 1968 take tattara tarihin baka. Masu irin wannan aiki sun san cewa zaren kaset marar takarda, muryar wani tsoho ce kawai da ba a san ko wane ne ba.

Ku ma ƴan uwa kuna da naku rabon aikin. In murya ta shigo muku a waya, kafin yatsa ya kai ga turawa, ku tambayi wanda ya aiko: yaushe anka faɗi wannan, kuma ina farkonta? In bai sani ba, ta tsaya a wurinku. In an ce daga radiyo take, ku kira gidan radiyon, aikinmu ne mu duba muku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da manoma da makiyaya lafiya.